Wane Littafi Ne Zai Nuna Maka Itatuwa da Tsuntsayen Ƙasar Sakkwato?

Yaron da ya tashi a Gidan Dahala ya san dogon yaro, ya san shirwa da hankaka da balbela. Amma ka fita da shi bayan gari, hanyar Kware ko Wurno, ka nuna masa sabara da geza, sai ka ga ya yi shiru. Kakansa kuwa da ido ɗaya yake raba su. Wannan giɓin ne ke sa malaman makaranta da ɗaliban kimiyyar halittu neman littafin gane tsirrai da tsuntsaye, irin wanda ake riƙewa a hannu a shiga daji da shi. Matsalar ita ce ba kowane littafi ne zai yi aiki a nan ba, kuma suna da tsada.

Tambayar farko ita ce: don wace ƙasa aka rubuta shi? Sakkwato ba hamada ba ce tukuna. Muna bakin Sahel, ruwa na sauka daga Yuni zuwa Satumba, sauran shekara rani ne. Littafin da aka yi don dajin kudancin Najeriya zai cika maka ido da itatuwan da ba za ka taɓa gani ba, wanda aka yi don Kenya kuwa zai ba ka tsuntsu mai kama da namu amma ba shi ba ne. Duba taswirar da ke gaban littafin kafin ka duba kyan hotunansa.

A fannin itatuwa, littattafai 2 ne suka fi dacewa da mu. Akwai na Michel Arbonnier a kan itatuwan busassun yankunan Afirka ta Yamma, wanda ya fito da Faransanci a 2000, aka fitar da shi da Turanci a 2004. Akwai kuma Trees and Shrubs of the Sahel na von Maydell, wanda ya zo da jerin sunayen gida, har da na Hausa. Na fi son na Arbonnier saboda dalili ɗaya: yana nuna hoton ɓawo da ganye da ƙaya da 'ya'ya, bai tsaya ga fure ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da itace ke yin wata da watanni ba fure. Gawo ma da damina yake kaɗe ganyensa, ya fitar da sabo da rani, saɓanin sauran itatuwa. Wanda ya je a watan Agusta yana neman ganyen gawo don ya gwada da hoto, ɓawo da ƙaya kawai zai tarar.

Ɗauki kalgo. Suna ɗaya ne a bakin mutane, amma iri 2 ne a wajen masana. Juya ganyen, ka shafa bayansa da yatsa. In ka ji shi sumul, irin na busasshiyar ƙasa ne, wanda ya fi yawa a wajenmu. In ka ji gashi-gashi mai launin tsatsa, ɗan uwansa ne da ya fi son inda ruwa ke da yawa. Littafi mai kyau zai gaya maka ka juya ganyen.

Tsofaffin littattafai ma suna da ranarsu. Dalziel, likita ɗan Sikotland da ya yi aiki a Arewa, ya wallafa A Hausa Botanical Vocabulary a 1916, sannan The Useful Plants of West Tropical Africa a 1937. Shi da Hutchinson suka rubuta Flora of West Tropical Africa, wanda har yau masana ke komawa gare shi. Waɗannan na kan tebur ne, ba na jaka ba. Kuma sunayen kimiyya sun canza tun lokacin. Bagaruwa da dakwara da gawo duk an taɓa sa su ƙarƙashin Acacia. Yanzu bagaruwa Vachellia ce, dakwara Senegalia, gawo Faidherbia. Ɗalibin da zai rubuta kundin digiri ya tabbatar da sabon suna, kuma ya kai samfurin tsiron ɗakin adana busassun tsirrai na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a tantance masa.

Zancen tsuntsaye ya fi sauƙi. Birds of Western Africa na Nik Borrow da Ron Demey shi ne kan gaba. Ƙaramin bugun ya fito a 2004, bugu na 2 a 2014, da tsuntsaye kusan 1,300. Na Serle da Morel na 1977 ya yi zamaninsa, amma bai zana tsuntsaye da yawa ba. A nan zanen hannu ya fi hoton kyamara, domin mai zane yana jera mace da namiji da ƙarami a shafi ɗaya. Namijin jan baki, wanda ke cinye wa manoman Rima gero da shinkafa, yana sauya kama lokacin hayayyafa, da rani kuma ya koma kamar matarsa. Tsuntsayen da ke zuwa daga Turai su yi hunturu a fadamun Rima da madatsar Goronyo sukan iso cikin tufafi marasa ado, ba irin wanda littafin Turai ke sawa a bango ba. Kurciya kuwa iri-iri ce, kuma kunne ya fi ido raba su, don haka manhajar waya irin Merlin tana taimakawa da kukansu. Sai dai kada a miƙa mata wuya. A riƙa gwada abin da ta faɗa da taswirar littafi.

Abin da ke damuna shi ne duk waɗannan da Turanci ko Faransanci aka rubuta su, alhali masu ilimin na nan tare da mu. Makiyayi ya san abin da akuya ke ci da abin da ke kashe ta. Mai saiwa a kasuwa ya san ɓawon da aka busar ba tare da ya ga itacen ba. Manomi na ganin shamuwa ya san damina ta kusa. Shi kansa Dalziel daga bakin irin waɗannan mutane ya tattara sunayen da ya rubuta. Duk wanda zai fita da littafi, ya nemi dattijo ɗaya ya raka shi, ya riƙa rubuta sunan Hausa da na Fulatanci a gefen shafi, da wuri da wata. Ungulu da ke cika mahauta a da, tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Irin wannan rubutu na gefen shafi ne ke nuna lokacin da abu ya fara ɓacewa.

Kira na ga malaman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ma'aikatan gandun daji na jiha: ku haɗa mana ɗan ƙaramin littafi da Hausa, mai hoto, na itatuwa da tsuntsayen da ake gani tsakanin Sakkwato da Illela, a kan kuɗin da ɗalibin sakandare zai iya saya.