Yadda ake kula da tsohuwar a-kori-kura a gida

Tsadar man fetur da faɗuwar darajar naira sun sa sayen sabuwar mota ya gagari akasarin masu sufurin kaya a arewacin Najeriya, lamarin da ya tilasta wa jama'a da dama ci gaba da lallaɓa tsofaffin motocinsu na a-kori-kura.

Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai a ranar 29 ga watan Mayun 2023, farashin litar fetur ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, kana ya haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa a ƙarshen 2024. Kayan gyara, waɗanda galibi daga waje ake shigo da su, su ma sun bi sahu.

Ga manomin da ke kai hatsi kasuwar Dawanau, ko falken da ke jigilar awaki daga Maigatari, mutuwar mota a tsakiyar kaka na nufin asarar cinikin shekara. Sai dai kuma yawancin abin da ke kashe waɗannan motoci yakan faro ne daga ƙananan matsaloli, waɗanda mai motar da kansa zai iya ganowa a ƙofar gidansa.

Motocin da suka ƙi tsufa

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da samfurin 504 a shekarar 1968, sa'annan sama da shekaru goma bayan haka ya ƙera mata jikin a-kori-kura. Masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, ta kuma ci gaba da fitar da 504 har zuwa tsakiyar shekarun 2000, wato fiye da shekaru ashirin bayan da aka daina ƙera ƙaramar 504 ta shiga a Faransa.

Ita ma Toyota Hilux ta Japan a 1968 ta fara fitowa. Juriyar a-kori-kurar Toyota a cikin rairayi ta shahara ne musamman a 1987, lokacin da sojojin Chadi suka yi amfani da ita wajen fatattakar dakarun Libiya daga arewacin ƙasarsu.

Abin da ya haɗa tsofaffin samfuran waɗannan motoci shi ne sauƙin gini. Ba su da kwamfutar da ke sarrafa inji, don haka ba a buƙatar na'urar bincike kafin a gane ciwonsu. Sifana da filaya da sukundireba da gejin iskar taya sun isa akasarin aikin yau da kullum, kuma ana samun kayan gyaransu a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna.

Baƙin mai

Aikin baƙin mai shi ne hana ƙarafan inji gugar juna, da kwashe zafi da dauɗa. Ana duba shi ne da safe kafin a tayar da mota, tana tsaye a wuri mai daidai. A zaro geji a goge, a mayar, a sake zarowa. Ya kamata man ya tsaya tsakanin alamu biyun da ke jikin gejin, domin cika shi fiye da kima ma illa ce: yana yin kumfa, yana kuma fasa robobin da ke hana yoyo.

Ga tsohon injin da ke aiki cikin ƙura da lodi mai nauyi, abin da ya fi dacewa shi ne a yi juye duk bayan kilomita 5,000, ko bayan wata shida idan motar ba ta yi tafiyar da ta kai haka ba, a kuma sauya filtar mai tare. Mai mai kaurin 20W-50 shi aka fi zuba wa irin waɗannan injuna a ƙasashe masu zafi.

Launin man ma yana da abin da yake faɗa. Idan ya koma kamar shayi mai madara, to ruwa ya shiga cikinsa, kuma sau da yawa gasket ɗin kan silinda ne ya ƙone. Tuƙa mota a wannan hali na iya sa injin ya buga.

Hayaƙin salansa shi ma shaida ne. Shuɗi-shuɗi na nuna injin yana ƙona baƙin mai, galibi saboda ringi sun cinye. Baƙi na nuna man da ke shiga ya fi ƙarfin iska. Fari mai kauri wanda bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi kuwa, alama ce ta ruwa a cikin silinda.

Akwai kuma batun jabun mai, wanda akan sayar a kwalabe a bakin titi, wani lokaci tsohon mai ne da aka tace. Rangwamen da aka samu a kansa bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sauke inji ba.

Lagireto da zafin bazara

A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin salshiyos a birane irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, kuma a lokacin ne injuna suka fi tafasa. Injin fetur na 504 jikinsa na baƙin ƙarfe ne, amma kan silindarsa na alminiyom ne, wanda kan karkace idan zafi ya wuce kima. Tafasa guda ɗaya mai tsanani ta isa ta jawo hakan.

Ruwa yana tafasa ne a digiri 100, amma murfin lagireto mai lafiya yana riƙe matsi a ciki, abin da kan ɗaga wannan mataki zuwa kusan digiri 120. Ke nan murfin da robarsa ta mutu, ko tsumman da aka cusa a madadinsa, na iya zama sanadin tafasar da ake ta neman dalilinta a wani wuri.

Ruwan rijiya da na burtsatse na ɗauke da ma'adanan da ke daskarewa su toshe ƙananan hanyoyin lagireto, yana kuma haddasa tsatsa. Abin da ya fi shi ne ruwan sanyaya inji da ake sayarwa, mai ɗauke da maganin tsatsa, a riƙa sauya shi duk bayan shekara biyu.

Wata al'ada da ta yaɗu a garejoji ita ce cire na'urar nan mai daidaita zafin ruwa, wato tamostat, bisa hujjar cewa don ƙasashen sanyi aka yi ta. Alhali kuwa aikinta shi ne ta tsare ruwan har inji ya kai zafin da aka tsara masa. Injin da ke aiki da sanyi, musamman da asubahin hunturu, ya fi shan mai, ya kuma fi saurin cinyewa. Idan ta lalace, sauya ta ya kamata a yi.

Kada a kuskura a buɗe murfin lagireto inji na da zafi, domin ruwan kan yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu. Haka kuma ba a kwara wa injin da ya tafasa ruwan sanyi. A kashe shi a jira ya huce.

Ƙura da shan mai

Inji yana buƙatar iskar da ta ninka nauyin fetur kusan sau goma sha biyar kafin ya ƙone shi sarai. Idan ƙurar hunturu ta toshe filtar iska, kafireto zai ci gaba da zuba mai alhali iska ta ragu, sai motar ta yi nauyi, tanki kuma ya riƙa ƙarewa da wuri. A lokacin hazo ya dace a kakkaɓe filtar duk mako, a sauya ta da zarar ta yage ko ta jiƙe da mai. Cire ta gaba ɗaya, kamar yadda wasu ke yi, buɗe wa yashi ƙofa ne zuwa cikin silinda.

Fulogi ma akan kwance a duba. Mai lafiya bakinsa ruwan ƙasa ne mai haske. Baƙin toka a jikinsa na nuna mai ya yi yawa, jiƙewa da baƙin mai kuma na nuna ringi ko robobin bawul sun gaji. A tsofaffin injuna masu kwantak a cikin distributa, tazarar bakin kwantak ɗin takan kasance kusan milimita 0.4, kuma kaucewarta na hana mota tashi da safe.

Ingancin man shi kansa abin lura ne. A watan Fabrairun 2022 hukumomin Najeriya sun tabbatar da shigowar fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima, wanda ya lalata motoci da dama. Ƙaramar filtar fetur da ke kan tiyo ba ta da tsada, kuma tana tare tsatsar tanki da dattin jarka kafin su isa kafireto, ko da yake ba ta iya raba fetur da sinadarin da ya narke a cikinsa.

Ga masu Hilux ta dizal mai inji 2L ko 3L, akwai bel ɗin da ke haɗa juyawar inji da ta bawuloli, wanda ake sauyawa duk kilomita 100,000. Idan ya tsinke ana cikin tafiya, fistin kan daki bawul. Injin fetur na 504 kuwa kaca yake amfani da ita, wadda kan yi ƙara ta ba da sanarwa idan ta saki.

Birki da taya

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin mota duk shekara, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce kan gaba. A-kori-kura da ke dawowa daga kasuwar ƙauye takan ɗauko fasinjoji a kan buhuna, saboda haka lafiyar birkinta batu ne na rayuka.

Man birki yana tsotsar laima daga iska. Sabon mai na ajin DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 205, amma idan ya sha ruwa matakin kan sauko zuwa wajen 140. A gangara mai tsawo da kaya niƙi-niƙi, man kan tafasa, direba ya taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse. Shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu. Zuba ruwan sabulu ko baƙin mai a madadinsa ganganci ne, domin na farko yana tafasa da wuri ya kuma ci ƙarfe, na biyu kuma yana kumbura robobin birki.

Idan man birki yana raguwa a kai a kai, to akwai yoyo, kuma sau da yawa akan ga danshinsa a bayan taya. Irin wannan mota ba ta hawa titi sai an gyara.

Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗi kan amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu da kuma tayoyin gwanjo. Zanen taya bai kamata ya gaza milimita 1.6 a zurfi ba. Ana auna iska ne taya na sanyi, kuma ƙarancin iska, ba yawanta ba, shi ya fi haddasa fashewa a titi mai zafi.

Lodi, tsatsa da batir

An ƙera irin waɗannan motoci ne don ɗaukar kimanin tan ɗaya, wato buhu goma na masara mai kilo ɗari. Ƙara ganyen sifirin na iya hana bayan motar durƙushewa, amma ba ya ƙara wa birki ko taya ko ƙashin motar ƙarfi. Ya dace a riƙa leƙa ƙashin ana neman tsagewa, musamman inda sifirin ya kama, a kuma ɗura giris a mahaɗai bayan kowane juye.

Takin zamani da gishiri da fitsarin dabbobi suna cin ƙarfe da sauri. Wanke bayan motar bayan an sauke su, da kankare laka daga ƙarƙashinta a ƙarshen damina, na ƙara wa bodi shekaru.

Batir mai cikakken caji yakan nuna kusan bolt 12.6 mota na kashe, da kimanin 14 idan inji na aiki. Idan ruwansa ya ragu, tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ba asid ba. Wajen kwance shi ana fara cire wayar da ke da alamar ragi, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa. A nisanta shi da taba da wuta, domin yana fitar da iskar haidurojin.

Iyakar gyaran gida

Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A tokare ta da ƙafafun ƙarfe ko katako mai kauri a ƙasa mai tauri, a kuma sa wa tayoyi waigi. Bulon siminti kan farfashe ba tare da wata alama ba. Kazalika ba a barin inji yana aiki a rufaffen gareji ko zaure, saboda iskar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da launi ko wari, kuma tana kisa.

Tsohon baƙin mai guba ne. Ba a zubar da shi a kwata ko kusa da rijiya, ba a kuma ajiye shi ko man birki a kwalbar lemo inda yara za su kai hannu.

Akwai ayyukan da na ƙwararru ne: sauke inji, buɗe giya, gyaran famfon dizal, waldar ƙashin mota da ta tankin mai, da daidaita sitiyari. Amfanin duban gida a nan shi ne mai mota ya je wurin bakanike da bayani a hannu, ya san abin da ya gani da abin da ya ji, da kuma lokacin da matsalar ta faro.

Ƙaramin littafi a aljihun mota, wanda ake rubuta ranar kowane juye da adadin kilomita da kayan da aka sauya, yana taimaka wa mai motar da bakaniken baki ɗaya, yana kuma ƙara wa motar daraja ranar da aka tashi sayar da ita.