Ruwan Tankin Tarwada: A Zubar Ko A Tace?

Duk wanda ke kusa da Dam ɗin Tiga a Bebeji, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, gani yake ruwa ba matsala ba ne. Amma mai kiwo da rijiyar burtsatse a Kiru, Tudun Wada ko Doguwa ya san kuɗin man da janareta ke sha duk ranar canjin ruwa, musamman a bazara.

Me ke ɓata ruwan? Kashin kifi da ragowar abinci. Su ke haifar da sinadarin amoniya mai ƙona marfin numfashin kifi. Sai ka ga tarwada ta daina cin abinci, kwana biyu ta fara mutuwa.

Akwai na'urar da ake kira MBR, wadda birane da masana'antu ke tace gurɓataccen ruwa da ita. Aikinta kashi biyu ne. Na farko, tanki mai ƙwayoyin bakteriya masu amfani, ana hura masa iska, su cinye datti su mayar da amoniya nitiret, wanda ba ya cutar da kifi sosai. Na biyu, matata mai ƙofofin da suka fi silin gashi ƙanƙanta sau fiye da 100. A 1989 masana a Japan suka tsoma matatar cikin tankin kai tsaye, abin da ya rage tsadar aikin.

To ka saya? Gaskiya ga mai kifi 500 ko 1,000, a'a. Tana son wuta dare da rana, matatar na toshewa, wankinta sai da sinadari.

Amma dabarar kyauta ce. Samu duro uku. Na farko datti ya kwanta a ƙasa. Na biyu cika shi da tsakuwa ko murafen gorar roba, ka sa injin iska, bakteriya su zauna. Na uku yashi da raga. Ba su sati 4 zuwa 6 kafin su kama aiki, kuma kada ka wanke su da sabulu ko bilic.

Ko da haka sai ka riƙa canza wani kaso, don nitiret na taruwa. Wannan ruwan taki ne. Kai shi wa masara ko tumatir, kada ka sake shi a kwata ko rafin da jama'a ke ɗiba.

Kai ina kake kai naka? Faɗa mana a ƙasa. Allah Ya sa albarka a kiwo.