NA'URA TA KOWA CE: SHIRYA KWAMFUTA DOMIN MAKAFI, KURAME DA GURAGU

Jama'ar Agege da kewaye, lalle kun lura da yadda al'amuran zamani suka sake. A da fataken goro da dillalan shanu da kuɗi a lalita suke ciniki. Yanzu kuwa biyan kuɗi, da yin rajistar katin ɗan ƙasa, da jarrabawar shiga jami'a, duk sun koma hannun kwamfuta. To, ina matsayin ɗan'uwanmu wanda ba ya gani, ko ba ya ji, ko ba shi da yatsu?

Inda matsalar take

A dubi makahon da ya je injin cirar kuɗi. Muddin injin ba ya magana, tilas ya faɗa wa wani lambarsa ta sirri, watau ya miƙa mabuɗin dukiyarsa ga baƙo. Gurgu a kan kekensa ba ya kai hannu ga allon da aka kafa can sama. Wanda kuturta ta cinye wa yatsu yakan sha wahala wajen yin lambar BVN, wadda aka soma a 2014, domin zanen yatsa ake nema. Kurma kuma, in saƙon na murya ne kaɗai, an bar shi a baya. A cikin dukan waɗannan, laifin na ƙirar na'urar ne. Wanda ya ƙera ta bai tuna da su ba.

Yadda ake gyarawa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tun lokacin zanen na'ura ya kamata a kiyaye waɗannan ƙa'idodi:

1. Duk abin da ido ke gani, kunne ma ya ji shi. Akwai manhaja mai karanta rubutun allo da murya. Wasu makafi biyu 'yan Ostareliya ne suka ƙago NVDA, wadda aka fara a 2006, kyauta kuma ake samunta. Wayoyin Android suna da TalkBack, na iPhone suna da VoiceOver. Amma ba koyaushe suke iya bayyana hoton da ba a rubuta masa bayani daidai ba.

2. Duk abin da kunne ke ji, a rubuta shi, ko kuwa a sa mai fassara da yaren hannu.

3. Yatsa ya iya gane madannai. Ku shafa lamba 5 a jikin injin kuɗi, ko haruffan F da J na kwamfuta, za ku ji ɗan tudu. Da shi ake gane wuri ba tare da an duba ba.

4. A ba da isasshen lokaci. Allon da ke rufewa da sauri yakan cuci tsoho da mai rawar hannu.

5. A tanadi hanya ta biyu. In babu zanen yatsa, a karɓi hoton fuska.

6. A yi bayani da harshen da mutum ke ji. Muryar Turanci kaɗai ba ta wadatar da Bahaushen da bai yi boko ba.

Abin da doka ta ce

A watan Janairu na 1919 ba a san wannan magana ba. Amma a Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Wanda ya karya ta, tarar Naira 100,000 ce ko ɗaurin wata shida. Kamfani kuwa Naira miliyan ɗaya. Dokar ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su yi gyara, wa'adin kuma ya cika a 2024. Jihar Legas ma tana da tata dokar tun 2011, da ofishin da ake kira LASODA. Saboda haka wannan haƙƙi ne, ba alfarma ba.

Kira ga jama'a

Iyaye, kada ku tura yaro makaho bara. Makarantar Pacelli da ke Surulere tana koyar da makafi tun 1962, akwai kuma cibiyar koyon sana'a ta makafi a Oshodi. Matasan da suka iya waya, ku kunna wa makafin unguwarku muryar wayarsu, ku koya musu. Masu POS, ku bar mutum ya danna lambarsa da kansa. Masu tsara manhaja kuma, ku gayyato naƙasassu su gwada aikinku kafin ku fitar da shi.

A tuna, mai ido a yau shi ne tsoho mai hazo-hazo a gobe. Gyaran da aka yi domin makaho, wata rana mu ma za mu ci moriyarsa.