Lambar da ke kan takardar gwajin homon

Duk macen da ta shekara biyu a ɗakin miji ba ciki, a Gwallaga ne ko wata unguwa ta Bauchi, ba za a rasa wadda za ta ce mata homon ɗinta ne ya rikice ba. Daga nan sai ɗakin gwaji. A ɗebi jini, a miƙo mata takarda mai lambobi, ta ɗauki hoto ta tura wa mai tallar maganin daidaita homon a WhatsApp. Likita bai ga takardar ba, an riga an fara shan magani.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗaukar lambar nan a matsayin magana ta ƙarshe. Homon ba ya tsayawa wuri ɗaya: yana hawa da sauka gwargwadon ranar wata, har da sa'ar yini. Ga furojestaron, wanda ake aunawa don a san ko mace ta saki ƙwai. Kowa ya haddace rana ta 21 daga fara al'ada, amma wannan lissafin na mai ganin al'ada duk kwana 28 ne. Ƙa'ida ita ce a ɗebi jinin saura kamar mako guda al'ada ta gaba ta zo. Wadda tata ke zuwa duk kwana 35, ranar gwajinta ita ce ta 28. In aka auna ta ran 21, za a tarar sinadarin ya yi ƙasa, a ce ba ta yin ƙwai, alhali lafiyarta ƙalau.

Wani homon, furolaktin, ya fi jawo kuka. Shayarwa na ɗaga shi, fargabar allura ma na iya ɗaga shi, haka maganin amai irin su metoclopramide da wasu magungunan ƙwaƙwalwa. Shi ya sa likitan kirki ba ya yanke magana a kan ƙaramin hawa na gwaji ɗaya. Yakan sa a maimaita. Sai kuma batun ma'auni. Wani ɗakin gwaji na rubuta sakamako da ng/mL, wani da mIU/L, kuma ɗaya na farkon ya kai kusan 21 na na biyun. Mace ta ga 20 a wannan wata, ta sauya wuri ta ga 420, hankalinta ya tashi, alhali jininta bai canza ba. Buhun masara ɗaya ne, wani ya auna da mudu, wani da gwangwani.

Ita kanta na'urar gwajin ba ganin homon take yi ba. Hanyar gwajin ta samo asali ne daga aikin Rosalyn Yalow da Solomon Berson a New York, waɗanda suka wallafa yadda ake auna insulin a jini a 1960. Yalow ta samu kyautar Nobel a 1977. Ana zuba wasu ƙwayoyin garkuwa da aka tanada su cafke homon ɗin da ake nema, sai a lissafa yawansa daga launi ko hasken da ya fito. Kowane kamfani da irin nasa, don haka iyakar abin da ake kira daidai ta bambanta daga wuri zuwa wuri. Kuma ana iya ruɗa waɗannan gwaje-gwajen. A 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa biotin, ƙwayar da mata ke sha don gashi da farce, na ɓata sakamakon gwaje-gwaje da dama. Yana iya nuna ciwon tayirod ga wadda ba ta da shi. Masu ɗibar jini nawa ne ke tambayar mace abin da take sha?

Akwai hukumar MLSCN da doka ta ɗora wa kula da ɗakunan gwaji a Najeriya, kuma da an fi jin motsinta a unguwanni da an rage ɓarna. Amma sakacinmu ma ba kaɗan ba ne. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a cikin gari, da likitocin mata da za su tambayi ranar al'ada kafin su rubuta gwaji. Su ne kuma za su ce a zo da maigida, domin gwajin maniyyi ya fi na homon sauƙi da araha, kuma sau da yawa a can matsalar take.