Linzamin Mutum-Mutumi: Araha Ba Ta Hana Gwaji

Duk wanda ya bi Titin Zariya ta Gyadi-Gyadi, ya karkata zuwa kasuwar wayoyi ta Farm Centre a Tarauni, zai ga samari sun duƙufa a kan tebura, kowa da mitarsa da ƙarfen dalma. Aikinsu gyaran waya ne, amma irin wannan hannu shi ne ɗalibin da ke harhaɗa ɗan mutum-mutumi mai tayu yake bukata, ko na Jami'ar Bayero ne ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano. Sau da yawa abin da ke kunyata ɗalibi ranar da zai nuna aikinsa gaban malamai shi ne ɗan allon nan mai sarrafa gudun inji, watau linzamin abin baki ɗaya.

Ƙwaƙwalwar da aka fi amfani da ita, Arduino, wadda aka ƙirƙiro a garin Ibriya na ƙasar Italiya a 2005, ba ta da ƙarfin juya inji da kanta. Umarni kawai take bayarwa. Allon linzami shi ke karɓar umarnin ya saki wutar batir. Yadda yake rage gudu kuwa abin sha'awa ne: ba ya rage wutar, sai dai ya riƙa kunnawa yana kashewa wajen sau 490 a cikin daƙiƙa guda. Ɗalibi zai rubuta lamba daga 0 zuwa 255. In ya rubuta 128, wuta za ta zauna rabin lokaci a kunne, rabi a kashe, sai injin ya sassauta.

Allon da ya fi yawa a hannun masu koyo shi ne ja ɗin nan mai ɗauke da L298N na kamfanin STMicroelectronics. Yana da araha, yana jan inji biyu, kuma a takarda an ce kowane gefe zai ɗauki amfiya 2. To, amma fa tsohon ƙira ne, yana da ci. Shi kansa yakan haɗiye kusan bolt 2 kafin wuta ta isa ga inji, in kaya suka yi nauyi abin ya haura haka. Wanda ya ɗaura ƙananan batura huɗu masu bolt 6, abin da zai kai ga tayu bai wuce bolt 4 ba. Nan ne za a ga mutum-mutumi yana gudu in an ɗaga shi sama, da an ajiye shi ƙasa sai ya tsaya yana kuka kamar sauro. Wutar da ta ɓace zafi take komawa, ga shi kuwa a watan Afrilu zafin Kano kan wuce digiri 40.

Saboda haka gwaji ya kamata ya riga haɗi. A sa mita a bakin batir, a sake sa ta a bakin inji yana cikin aiki. Bambancin shi ne abin da allon ya ci. Sa'an nan a riƙe tayar na ɗan lokaci kaɗan a auna amfiya, domin injin da aka danne ya fi kowane lokaci zuƙar wuta, kuma wannan adadi ne ya kamata a gwada da ƙarfin allon, ba na lokacin da taya ke juyawa a banza ba. Ɗalibai da yawa sukan tsallake wannan, alhali shi ne ke ƙona allo.

Gyare-gyaren ba su da tsada. Akwai 'yan huluna biyu na roba a kan ƙafafun da aka rubuta wa ENA da ENB. Muddin suna nan, inji zai yi ta cikakken gudu ko wace lamba aka rubuta, don haka sai an cire su an haɗa ƙafafun da Arduino. Dole ne kuma wayar ƙasa ta batir da ta Arduino su haɗu wuri ɗaya. Ƙaramar kafasita mai lamba 104 da aka liƙa da dalma a bakin injin takan rage tartsatsin da ke rikita ƙwaƙwalwar. In batir ya wuce bolt 12, a cire hula ta uku, a ba allon bolt 5 daga waje.

Wanda ya ciro batura biyu na 18650 daga tsohuwar kwamfuta zai sami bolt 7.4, amma kada ya haɗa su ba fis, gama irin waɗannan batura suna kamawa da wuta in wayoyi suka gogu. Ga ƙananan injuna rawaya kuwa, allon TB6612FNG na kamfanin Toshiba ya fi dacewa: amfiya 1.2 yake ɗauka a kowane gefe, asararsa kaɗan ce, ba ya bukatar farantin shanye zafi. Sai dai ƙafafunsa sukan zo a ware, sai an liƙa su da dalma, aikin da mai gyaran waya a Farm Centre zai gama cikin 'yan mintoci.