Radiyom da Bismut: Ƙarafa Biyu Daga Ma'adini Ɗaya

Radiyom da bismut ƙarafa ne masu nauyin ƙwayar zarra, dukansu suna can ƙasa-ƙasa a jadawalin sinadarai. Bismut na da lamba 83, radiyom na da 88. Tazarar gida biyar ce kawai a tsakaninsu, amma sinadarin bismut ana zuba shi a cokali a ba mai ciwon ciki, shi kuwa radiyom ko ɗan ƙwarya-ƙwaryarsa ba a ajiyewa sai cikin akwatin dalma mai kauri.

Bismut ne babba a shekaru. Masu haƙar ma'adinai a Jamus sun san shi tun ƙarni na 15, sai dai sun daɗe suna ɗaukarsa wani nau'in dalma ne ko kuza, saboda kamanninsu da kuma yadda ake samunsu a rami ɗaya. A 1546 Georgius Agricola ya rubuta cewa ƙarfe ne mai zaman kansa, kuma a 1753 Bafaranshe Claude François Geoffroy ya tabbatar da gwaji cewa ba dalma ba ne.

Radiyom kuwa sai a ƙarshen 1898 aka san da shi. Marie Curie da mijinta Pierre suna aiki a Faris kan wani baƙin dutsen yuraniyom da ake haƙowa a Joachimsthal, garin da yanzu yake Jamhuriyar Cek, sai suka lura tururin da dutsen ke fitarwa ya fi ƙarfin yuraniyom ɗin da ke cikinsa. Wato akwai wani abu a ɓoye. Da suka narkar da dutsen suna ware sinadaransa kashi-kashi, tururin ya bi kashi biyu. Na farko shi ne kashin bismut, a nan suka gano poloniyom a watan Yuli. Na biyu kashin bariyom ne, a nan suka gano radiyom a watan Disamba. Sai da Marie ta dafa tan-tan na ragowar dutsen kafin a 1902 ta tara kashi ɗaya cikin goma na giram na gishirin radiyom. Tsantsar ƙarfen kuwa sai a 1910 ita da André Debierne suka fitar da shi.

A ido, radiyom fari ne kamar azurfa, amma ba ya jimawa a haka. Da zarar iska ta taɓa shi sai ya yi baƙi, idan kuma ya shiga ruwa sai ya narke yana fitar da iskar haidurojin. Yana narkewa a wuta a wajen digiri 700 na ma'aunin Salshiyas. Mutane ƙalilan ne a duniya suka taɓa ganin tsantsarsa, domin kusan kullum a matsayin gishiri ake aiki da shi.

Bismut ya fi shi abin kallo. Fari ne mai ɗan sirkin ja, yana da nauyi kusan na dalma, amma ba ya lanƙwasuwa. In aka buga masa guduma farfashewa yake yi. Digiri 271 ya ishe shi narkewa, zafin da murhun girki ke kaiwa. Idan aka narkar da shi a ƙaramar tukunya aka bar shi ya fara hucewa, sannan aka tsamo abin da ya daskare, sai a ga ya fito da siffar matattakala masu kusurwa huɗu, ɗaya cikin ɗaya, da launin shuɗi da ruwan goro da shunayya da kore. Launin ba na ƙarfen ba ne, wata siririyar tsatsa ce da ke rufe shi tana karya haske. Yana da wasu halaye da ba a saba gani a ƙarafa ba. Yawancin ƙarafa tsukewa suke yi in sun daskare, shi kuwa kumbura yake yi da kimanin kashi 3 cikin 100, kamar yadda ruwa ke yi in ya zama ƙanƙara. Maganaɗisu ba ya jansa, tunkuɗe shi ma yake yi kaɗan, kuma babu ƙarfen da ya kai shi wannan hali. Zafi ma ba ya ratsa shi da sauri.

Babban bambancinsu yana cikin cibiyar ƙwayar zarra. Cibiyar radiyom ba ta da natsuwa: tana fashewa da kanta, ta harbo wani ɗan ɓarɓashi mai ƙarfi da ake kira alfa, ta rikiɗe ta zama wani sinadari. A giram ɗaya na radiyom-226, nau'in da aka fi samu, ƙwayoyi kusan biliyan 37 ne ke fashewa a kowace daƙiƙa. Shi ya sa gishirinsa ke ɗan haske a duhu, kuma kullum ya fi abin da ke kewaye da shi ɗumi. Duk da wannan gaggawa, sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya ƙare. Abin da yake fara rikiɗewa ya zama shi ne radon, iskar da ke jawo sankarar huhu in an daɗe ana shaƙarta. Daga radon rikiɗar na ci gaba mataki-mataki, ta bi ta wasu nau'o'in bismut masu gajeren rai har sau biyu, kafin ta tsaya a dalma.

An daɗe ana koyar da cewa bismut ne sinadari mafi nauyi da ba ya fashewa ko kaɗan. A 2003 masu bincike a Orsay ta Faransa suka nuna shi ma yana fitar da alfa, sai dai a hankali ƙwarai. Kafin rabinsa ya ƙare sai an yi shekarun da adadinsu ya kai lamba 2 da sifili 19 a bayanta. A lissafi, giram ɗaya na bismut ƙwayoyi kusan 100 ne ke fashewa a cikinsa a shekara guda cur. Ta fuskar lafiya wannan daidai yake da babu.

Abu na biyu da ya raba su shi ne yadda jiki ke karɓarsu. Radiyom ɗan gida ɗaya ne da kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, don haka in ya shiga jini sai jiki ya kai shi ƙashi ya adana. Ɓarɓashin alfa ko fatar mutum ba ya iya hudawa daga waje, amma daga cikin ƙashi yana ƙona ɓargo dare da rana. An gane wannan ne bayan an yi asarar rayuka. Tun daga 1917 wani kamfani a garin Orange na jihar New Jersey a Amurka ya ɗauki 'yan mata aikin shafa fentin radiyom a lambobin agogo don su riƙa haske da dare. An koya musu su riƙa lasar bakin buroshi domin ya yi tsini, kuma aka ce musu babu komai. Bayan 'yan shekaru haƙoransu suka fara zuba, muƙamuƙansu suka ruɓe, wasu suka mutu da ƙarancin jini ko sankarar ƙashi. Likita Harrison Martland ya danganta cutar da radiyom a 1925. Ɗaya daga cikin 'yan matan, Grace Fryer, da abokan aikinta huɗu suka kai ƙara, aka sasanta a 1928 kan dala 10,000 ga kowacce da kuɗin shekara-shekara. A wannan zamanin har ruwan radiyom ake sayarwa a kwalba da sunan maganin ƙarin kuzari. Wani attajiri, Eben Byers, ya sha irinsa mai suna Radithor kwalabe masu ɗimbin yawa, ya mutu a 1932 bayan an cire mafi yawan muƙamuƙinsa.

Gishirin bismut da ake sha kuwa ba ya narkewa sosai, don haka kaɗan ne ke shiga jini, sauran ya bi hanji ya fita. A kan hanyarsa yana lulluɓe bangon ciki, yana kuma kashe wasu ƙwayoyin cuta. Da shi ake yin Pepto-Bismol, maganin gudawa da ƙwannafi, kuma likitoci na haɗa shi da wasu magunguna uku don kashe Helicobacter pylori, ƙwayar da ke haddasa yawancin gyambon ciki. Mai shan sa kan ga harshensa da bayan gidansa sun yi baƙi na ɗan lokaci, wanda ba illa ba ce, haɗuwar bismut ce da farar wuta da ke cikin miyau da hanji. Kafin zuwan fenisilin, da allurar bismut ake maganin tunjere. Wannan bai sa ya zama abin sha barkatai ba: a shekarun 1970 an sami mutane da yawa a Faransa da Ostareliya da suka kamu da ruɗewar ƙwaƙwalwa bayan sun daɗe suna shan sa da yawa.

A masana'antu, ɗaya daga cikin manyan ayyukan bismut a yau shi ne maye gurbin dalma. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010, fiye da 400, ba ya buƙatar a faɗa masa dalilin da ya sa ake neman raba mutane da ita. Ana sa bismut a ƙarfen liƙa wayoyin na'urori, da kawunan famfo, da tsabar harsashin farautar tsuntsayen ruwa, da fenti ruwan ɗorawa. Ƙyallin lu'ulu'u da ake gani a wasu hodoji da jan farce ma daga gishirinsa ne. Idan aka haɗa shi da dalma da kuza da kadmiyom ana samun gaurayen da ke narkewa a wajen digiri 70, ƙasa da zafin tafasasshen ruwa. Irin wannan ake toshe bakin wasu bututan kashe gobara da ke rufin manyan gine-gine da shi: wuta na tashi sai toshiyar ta narke, ruwa ya feso. Ba kasafai ake haƙa rami don bismut kaɗai ba, wajen tace dalma da tungstin ake samunsa. Sin ce ke samar da kusan kashi 80 cikin 100 na duniya, kuma a Fabrairun 2025 ta sa shi cikin ƙarafan da sai da izini ake fitarwa.

Radiyom ya yi nasa tashen ya wuce. A 1921 giram ɗaya ya kai dala 100,000, har sai da matan Amurka suka yi karo-karo suka saya wa Marie Curie. Farashin ya faɗi bayan an fara tace dutsen Shinkolobwe na Kongo a Beljiyom a 1922. An yi shekaru ana cusa alluransa cikin ƙarin sankara, musamman ta bakin mahaifa, kuma ya ceci mata da yawa, amma daga shekarun 1950 kobal-60 da siziyom-137 suka karɓe aikin. Agogo ma an daina yi masa fentin radiyom. Inda ya rage da yawa shi ne tulin ƙasar da ake bari bayan an tace yuraniyom, irin wanda ke kewayen Arlit a arewacin Nijar, domin tacewar yuraniyom take ɗauka ta bar radiyom yana ta fitar da radon.

Halin nan nasa na neman ƙashi shi ya dawo da shi asibiti. A 2013 Amurka ta amince da maganin Xofigo, wanda aka yi da radiyom-223, ga maza masu sankarar prostat da ta bazu zuwa ƙashi. Rabin wannan nau'in yana ƙarewa cikin kwana 11 da 'yan awoyi, don haka yana kai hari inda ƙarin yake, sannan ya gushe. Tsofaffin alluran radiyom-226 da ke ajiye a asibitoci kuma Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya na taimakawa a tattara su a sarrafa su zama aktiniyom-225. Daga shi ake samun bismut-213, wanda rabinsa ke ƙarewa cikin minti 46, kuma ana gwada su biyun wajen maganin wasu nau'o'in sankara.