Raunin Da Yaƙi Ke Bari A Zuciya

Yau maganarmu a kan tsofaffin soja ce.

Daga 1943 zuwa 1945 dubban samarin ƙasar nan sun yi yaƙi a dazuzzukan Bama, cikin runduna ta 81 da ta 82. Yawancinsu sun rasu ba su faɗa wa kowa abin da suka gani ba. Amma waɗanda suka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 da dama suna nan da rai. Watakila mahaifinka yana cikinsu.

To, ka lura da shi. Yana firgita cikin barci? Jikinsa yana rawa in ya ji harbin 'yan bindiga ran hawan salla? Yana tashi in an ɗauko zancen yaƙi? Wannan ba iskoki ba ne, ba kuwa mugun hali ba. Ciwo ne da tsananin tsoro ke bari, har likitocin Amurka sun sa shi cikin littafin cututtukansu a 1980.

Sau da yawa iyali ba su gane ciwon sai sun ji labarin daga bakinsa. Don haka yana da kyau ka ɗauki muryarsa a waya. Ga yadda za ka yi.

Da fari ka nemi izininsa. Ka ce, "Baba, muna so jikokinka su ji muryarka." In ya ƙi, ka ƙyale shi.

Ka fara da mai sauƙi, watau garin da aka ɗauke shi soja, da abinci, da abokansa. Kada ka tambaye shi ko ya kashe mutum. Rabin sa'a ya isa. In ya yi shiru, kai ma ka yi shiru. Shi zai faɗi wanda zai ji, kada ka baza a gari.

Amma ɗaukar murya ba magani ba ne. In barci ya ƙaurace masa, ka kawo shi wurin malamin asibiti. In ya ce ya gaji da rai, ka kawo shi ran nan, kada a kwana. Akwai likitocin wannan ciwo a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau ta Kano, da Kware, da Maiduguri.

Allah ya ba mu lafiya, amin.